Allurar da Take Kwanciya a Hanyar Toranke

Gwadabe Inuwa,
Tsohon Direban Lori Lamba Biyu,
Balan.
10 ga Afrilu, 1972.

Zuwa ga Alhaji Maiwada,
Shugaban Ƙungiyar Alheri ta Manoman Gyaɗa,
Gaya.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: SALLAMATA DAGA AIKI BISA ƘONEWAR INJIN LORI LAMBA BIYU

Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi da biyayya, da fatan Allah ya ƙara wa Shugaba lafiya. Ni ne wanda ya tuƙa lorin nan shekara tara ba tare da na taka ko kazar wani ba. Ranar Litinin 20 ga Maris aka miƙa mini takardar sallama, an rubuta a ciki cewa inji ya ƙone saboda sakacina. Wannan kalma ce ta sa na ɗauki alƙalami, kuma ina roƙo a daure a karanta har ƙarshe.

1. Shugaba ya sani lorin tsohuwa ce, ta hannu aka saye ta. Tun ranar Talata 11 ga Janairu agogon zafi da agogon mai suka soma wata ɗabi'a. Ina cikin tafiya sai allurorin biyu su yi rawa, su kwanta kamar an zare makulli. Bayan mil ɗaya ko mil goma su miƙe da kansu. Wata rana kuma a wuni ana tafiya ko gezau ba su yi ba.

2. Na kai kuka wurin Kabo, bakaniken Ƙungiya, sau huɗu: 15 da 29 ga Janairu, 12 ga Fabrairu, da 4 ga Maris. Duka ranakun Asabar ne, don Kabo ba ya duba mota sai Asabar da safe, tana tsaye a gindin darbejiya. Duk lokacin da ya murɗa makulli allurorin sukan tashi tsaf, kamar sun san mai gidansu ya zo. Karon farko ya canja fis ɗin wutar mota. Na biyu ya ɗaure kan batir. Na uku ya ƙwanƙwasa gilashin da ɗan yatsa, ya ce in ta kwanta in yi mata haka, duk direban kirki ya san wannan. Na roƙe shi ya bi ni hanya ko sau ɗaya ya gani da idonsa, ya ce shi ba ɗan rakiya ba ne. A karo na huɗu, a gaban 'yan dako, ya ce motar lafiyarta lau, idona ne ya kamata a kai gareji. Aka yi dariya, ni ma na yi, amma Allah ya sani abin ya ci mini rai.

3. Daga nan na koma tuƙi da tafin hannu. Duk mil biyar in tsaya, in sauka, in taɓa lagireto, tankin ruwan inji, in ji zafinsa.

4. Ranar Talata 14 ga Maris muka taso daga Toranke da ragowar gyaɗar bana, rana tana dukan tsakiyar ka. Malam Bubayero, malamin awo na Ƙungiya, yana gidan gaba. Allurar zafi ta kwanta tun muna barin gari. Na tsaya sau ɗaya na taɓa. Da na zo tsayawa ta biyu, Malam ya ce kwamiti na jiran sa kafin la'asar, wannan tsaye-tsaye ya isa haka. Dattijo ne, na bi maganarsa. Ashe tiyon ruwa ya tsage, ruwan yana zuba a hanya. Sai ƙauri na ji, sai hayaƙi, inji ya tsaya cik. Da allurar tana aiki, da na gani tun tafiya ba ta yi nisa ba.

5. Tun da aka sallame ni ban samu natsuwa ba. Na ɗauko littafin tafiya, inda nake sa ɗigo a gefen duk ranar da allurorin suka kwanta. Kwana goma sha ɗaya ne, kuma a dukkansu Malam Bubayero yana cikin motar. Da na faɗa wa wasu a tasha, suka ce ƙafarsa ce ba ta yi da motar ba. Ban yarda ba, ƙarfe bai san ƙafar kowa ba. Ranar Litinin 3 ga Afrilu, da izinin maigadin gareji kuma a gabansa, na kwance aljihun nan da ke jikin allon agogo, gefen fasinja. Gindinsa na kwali ne, ya ruɓe har ya huje. Daidai ƙarƙashin hujin akwai mahaɗar wayoyin agogon biyu, ta yi tsatsa kore shar, da jan tabo a jiki. A cikin aljihun nan Malam yake ajiye goronsa, ƙunshe a jiƙaƙƙen tsumman buhu don kada ya bushe. Tun farkon Janairu ya soma haka, da aka ce ya riƙa bin mota awo. Ruwan tsumman ne ke ɗiga a kan wayar. In ta jiƙe allura ta kwanta, in zafin inji ya busar da ita ta tashi. Ranar Asabar kuwa babu Malam, babu tsumma, sai Kabo da busasshiyar waya.

6. Ranka ya daɗe, wannan shi ne abu mafi nauyi a bakina. Malam Bubayero ne ya koya mini wannan rubutu a ajin manya, kuma ba mu taɓa tashi tafiya bai ɓara goron nan ya miƙo mini rabi ba. Sau da yawa da hannuna na yayyafa wa tsumman ruwan buta. Ban sani ba, shi ma bai sani ba. Ba ƙararsa na kawo ba, kuma har yau na kasa tunkarar sa da maganar. Amma sanin abin da ke bayan allo aikin bakanike ne. Kusoshi huɗu ne suka riƙe aljihun, na kwance su kafin maigadi ya gama alwala. Kabo ya yi wata biyu bai taɓa su ba.

7. Ina sanar da Shugaba cewa yanzu Lori Lamba Ɗaya Malam yake shiga, da goronsa.

Saboda haka nake roƙo cikin ƙanƙan da kai:

(a) A tura mutum biyu daga kwamiti su ga aljihun da wayar kafin a taɓa su. Agogunan ba su ƙone ba. A sa batir, a murɗa makulli, a ɗiga ruwa a mahaɗar a gaban Kabo, kowa ya ga abin da zai faru.

(b) A sanar da Malam Bubayero cikin mutunci, kada a kunyata shi a bainar jama'a.

(c) A janye takardar 20 ga Maris. Na kai ta wurin masu motoci biyu neman aiki, kowanne ya karanta, ya ninke, ya miƙo mini ba tare da ya dubi fuskata ba. In Ƙungiya ta ga ba za ta mayar da ni ba, na yarda da hukuncinta, amma a ba ni wata takarda da babu wannan kalma a ciki.

Maiɗakina Barira ita ke ajiye mini takardun aiki a cikin kwallarta tun daga lasisina na farko. Ba ta iya karatu ba, amma ta san an ba ni sabuwa, ta tambaye ni sau biyu in kawo ta haɗa da sauran. Har yanzu takardar tana aljihun rigata. Ina roƙon Shugaba, don Allah, ya ba ni wadda zan iya miƙa mata.

Allah ya ja zamanin Shugaba, ya sa a duba wannan kuka da idon adalci.

Ni ne naka mai biyayya,

Gwadabe Inuwa,
Balan.