Kwanon Baƙi

Assalamu alaikum, Saje.

Ina fata ka samu kabari mai yalwa. Na san takardar nan ba za ta je hannunka ba. Ko da za ta je, cewa za ka yi bokon da na koya a waya ya fi kama da sawun kaji.

Gida lafiya. An yi sadakar bakwai, gero ya fara fitar da kai. Kaka tana takaba. Tun ranar ban sake ce mata amaryata ba, tunda babu tsohon da zai ɗauko sanda ya biyo ni. Shanun huɗarka biyu da aka kora ranar har yau babu labarinsu. Wasu sun ce an gan su wajen Sule Tankarkar, wasu sun ce sun tsallaka Nijar.

Ni kuma ina ci, ina barci, ina fita da babur. Ban yi kuka ba. Ban san dalili ba.

Ka tuna yadda kake ishe ni da labarin aikinka na ɗan sanda? Cewa zamanin 'yan doka mai bin sawu ake ɗaukowa daga Gagarawa, a kife ƙwarya a kan sawun ɓarawo kada iska ta share. Cewa a naku zamanin aka kawo hoda da burushi, a shafa wa mutum tawada a yatsu goma, a aika katin birni a jira wata da watanni. Yanzu kuma na'ura ce. Kullum da magana ɗaya kake rufewa: wanda ya fara zuwa wurin da aka yi ɓarna ya sa hannunsa a aljihu. Ni kuwa sai in dangwala baƙin tukunya a farar hularka, in ce ka gano ɓarawon.

To, Saje, ni na fara zuwa.

Ranar Alhamis ce, gari duk ya tafi kasuwar Maigatari. Na dawo da wuri don na sayo macijin roba zan jefa maka a rumfar gona. Na same ka kwance rub da ciki. Na ɗauka ramuwa kake yi, har na sosa maka tafin ƙafa. Sai na ga ƙeyarka a fashe.

Na juya ka, na rufe maka ido, na lulluɓe ka da rigata. Wannan kowa ya sani. Ga abin da ba su sani ba. A kan tabarmarka akwai kwanon sha mai murfi, wanda ba ka fito da shi sai baƙon da kake ganin girmansa ya zo. Da sauran fura a ciki, ga ludayi a gefen da ba kai kake zama ba. Wani ya zauna da kai, ya riƙe kwanon nan da hannu biyu ya sha. Da mutane suka fara isowa a guje cikin rana, mata suna faɗuwa, sai na ga babu abin ba su ruwa. Na zubar da furar, na cuɗe kwanon da yashi, na ɗauraye, na cika shi a randa. Ya zaga hannun kowa.

Kafin la'asar an tattake sawun da ke wurin, an yi maka wanka. Washegari 'yan sanda suka zo daga Gumel da safar hannu da ƙaramin akwati. Na ga hodar da burushin, yadda ka faɗa. Wani Sufeto ya ɗaga kwanon da tsinke, ya barbaɗa hoda, ya manna salatif ya ɗaye. Ya ce yatsu sun hau kan yatsu, babu wanda zai karantu. Ya tambaya ko an taɓa wani abu kafin jama'a su taru. Na ce na juya ka kawai.

Me ya hana ni faɗa? Tsoron a ce ni ne? Ko kunyar a ce jikan Saje ne ya yi wannan? Shekara nawa kana gaya mini, ashe duk dariya nake yi ban ji ba?

Ka san baƙon nan, Saje. Ka zuba masa fura. Wataƙila ya bi sallarka, wataƙila ya riƙe hannuna ya ce in yi haƙuri. Duk wanda ya miƙo mini hannu yanzu, yatsunsa nake kallo, kuma duk iri ɗaya suke a idona.

Sun maido da kwanon shekaranjiya, sun ce bincike na nan. Na shiga wurin Kaka da niyyar in fara gaya mata, in ya so gobe in tafi Gumel. Ban buɗe baki ba ta riga ni. Ta ce an ba ta labari, duk cikin jikoki ni kaɗai na yi hankalin wanke kwano na shayar da mutane ranar. Ta dafa kaina, ta daɗe tana sa mini albarka.

Na ce amin. Ban je Gumel ba.

Allah Ya jiƙanka, Ya sa ka huta. In ana yafiya daga can, ka yafe mini.

Jikanka da ba ya jin magana,
Habu