Sunan da Ban Rubuta Ba

Zuwa ga maiɗakina, Hajiya Dije,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da roƙon Allah Ya haskaka makwancinki. Na san takardar nan ba za ta iso gare ki ba. Ko da kina raye ma, ni ne zan karanta miki ita. Amma tun da muka kai ki maƙabartar Ma'ala ba ni da abokin magana.

Unguwa lafiya. An sauko daga Arfa, baƙi sun fara watsewa. Ƙafata ta ƙi, sai ranar Juma'a nake lallaɓawa Harami da sanda.

Kin tuna aikinki? Duk ayarin mutanenmu da ya iso ta tashar jirgin ruwa ta Sawakin, ke ce ta farko a masaukinsu da tulun ruwa. Ki tara yara, ki sa kowa ya haddace sunan uwarsa da na kakarsa da garinsu kamar karatun allo. Sannan ki dawo ki tsaya a kaina sai na rubuta da ajami, don kada iyaye su mutu a wayi gari ɗa ya zama bawan wani gida. Ni kuwa ina ta mita, wai ba don wannan na yi karatu ba.

Ga abin da ban taɓa gaya miki ba. Shekarar da kika fara ciwo, kin kawo mini sunan wata mata, Ladi daga Gumel, da 'yarta Hadiza. Ranar zafi ya ishe ni, tawada ta bushe, na yi ƙyuyar jiƙa ta. Na ɗora alƙalami a kan takarda ina motsa hannu. Kika yi mini sannu kika fita. Ban rubuta komai ba, Dije. Kin yarda da ni ne don ba kya karatu.

Bana Ladi ta rasu a Mina. Tanko, wanda ya jagoranto su daga gida, ya kai yarinyar gidan wani attajiri ya ce baiwarsa ce. Gambo, ƙanwar Ladi, ta zo mini da kuka a ɗauko takardar Hajiya a kai wa umda, wato mai unguwa, don Tanko ya rantse ba ta haɗa komai da yarinyar ba. Me zan ce mata? Na yi ta juya takardu a gabanta, alhali na san babu.

Na yi tunanin in rubuta a ranar, in shafa ƙasa ya yi kama da tsohon rubutu. Wa zai sani? Amma ƙarya ta biyu ke nan a kan aikinki. Bayan la'asar na je gaban umda da dattawa, na faɗi laifina da bakina, ina kallon ƙasa.

Matan da kike yawo da su ne suka tsaya. Suka ce in babu a takarda, akwai a bakin yarinya. Aka tambayi Gambo ita kaɗai, aka fitar da ita, aka shigo da Hadiza. Ta naɗe hannu ta jero sunan uwarta da na kakarta da garinsu, har da jan muryar nan taki a ƙarshe. Babu inda suka saɓa. Sai na ji kamar kina tsaye a bayana.

Hadiza tana ɗakin Gambo yanzu. Tanko kuwa, dattawa sun ce ba zai ƙara jagorantar kowa ba, kuma an aika wa mutanenmu na Sawakin da labarinsa.

Gambo ta zo ta karɓi tulunki, ita ke zuwa masaukin baƙi. Ta dawo ta tsaya a kaina, ba na mita. Tawada kuwa ba ta ƙara bushewa ba. Sunan Ladi da Hadiza na fara rubutawa, a gurbin da na bari. Kin yafe mini?

Allah Ya sada mu da alheri. Ki huta lafiya.

Naki, mai rubuta miki sunaye,
Malam Iro, unguwar Misfala