Sanda ta Goma Sha Huɗu

Litinin, 3 ga Fabrairu, 2025

Baba Alhaji Bunu, mahaifin Yagana, ya kira ni da kansa yau. Cikin shekara tara da na auri 'yarsa, wannan ne karo na uku. Sai da muka gama na lura a rusune na amsa wayar, ni kaɗai a ofis.

Ya ce ran ashirin da biyu ga wata akwai gasar golf ta mutum bibbiyu a Kano. Abokin wasansa na shekara ashirin ciwon gwiwa ya kwantar da shi, don haka sunana ya bayar. Ƙwallo ɗaya za mu riƙa bugawa, ya buga, in buga, kuskuren ɗaya na kowa ne. “Shekarata saba'in da ɗaya, Muttaka. Ban san ko zan ga wata gasar ba.”

Yana da 'ya'ya maza huɗu. Ni ya zaɓa. Na ce to, Baba.

Laraba, 5 ga Fabrairu

Haɗeja ba ta da filin wasan, saboda haka bayan la'asar nakan wuce gada in gangara fadama, inda ruwa ya ja baya ya bar ƙasa a bushe, kusa da gonakin tattasai. Nakan kafa karan kachala, doguwar ciyawar nan ta fadama, in ɗaura masa tsumma, ya zama tutar rami.

Jakar sandunan kyautar Baba ce, ranar sunan 'yarmu Amira. Sanda goma sha huɗu. Cikinsu akwai na ƙarfe bakwai 'yan gida ɗaya, shida daga lamba huɗu zuwa tara, ta bakwai mai harafin P, wadda ake ɗaga ƙwallo da ita idan an kusa rami. Irin nasa ne sak.

Dole in yi wa P adalci. Nauyinta ɗaya da sauran, hannu ba ya baƙunta, kuma idan na yi cikakken bugu daga yadi ɗari tana yafe mini kuskure. Amma daga yadi hamsin zuwa ƙasa ba ma jituwa. Gindinta yana da faɗi, yakan daki busasshiyar ƙasa ya yi tsalle, ƙwallon ta tafi a guje ta wuce tuta. Baba kuwa bugunsa ya rage nisa. Wannan tazarar ce zai riƙa bar mini.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Tasi'u, likitan dabbobi, abokina tun jami'a, ya biyo ni fadama. Ya kalli bugu biyar, ya ce, “Injiniya, wasa kake yi ko korar tsuntsaye daga gonar mutane?” Ya koma mota ya ɗauko wata sanda da ya saya ita kaɗai, ba 'yar saiti ba. Weji ake ce mata, sanda ce ta musamman ta bugun kusa da rami, karkatar fuskarta digiri arba'in da takwas, kanta ya fi nauyi, gindinta siriri, zanen fuskarta da kaifi.

Na gwada yadda ya kamata. Ƙwallo ashirin da P: biyar suka tsaya cikin taku biyar daga tuta. Ashirin da ta Tasi'u: sha huɗu. Sai dai ba ta da haƙuri. Sau biyu na kuskure tsakiyarta, ta caki ƙasa, ƙwallon ko motsin kirki ba ta yi ba.

Ya ce in riƙe ta har bayan gasa.

Doka ba ta yarda ɗan wasa ya ɗauki fiye da sanda goma sha huɗu ba. Idan wannan ta shiga, ɗaya ta fita, kuma P ce mai aiki iri ɗaya da ita. Baba kuma yana da wata al'ada: kafin a fara yakan jera jakata kusa da tasa, ya kira abokansa, ya bi kawunan sandunan da yatsa yana ƙirgawa.

Talata, 11 ga Fabrairu

Ko in kunyata shi da kyautarsa a hannuna, ko in kunyata shi da ajiye ta. Ban ga hanya ta uku ba.

Alhamis, 13 ga Fabrairu

Suruki ba ya duban idon surukinsa ya ce kyautarka ba ta yi mini ba. Hanyar da aka sani ita ce in gaya wa Yagana, ta gaya wa Iya, mahaifiyarta, Iya ta sami lokacin da ya dace.

Sau uku na rubuta saƙon a takarda kafin in faɗa. Na farko ya yi tsauri. Na biyu ya ambaci Tasi'u, na ga kamar ina fifita aron aboki a kan kyautar uba. Na uku ya ce: sandar P tana ɗan ba ni wahala kwanan nan, ban san ko daga ina matsalar take ba.

Yagana tana tsince shinkafa. Ta ɗago.

“Shi ke nan saƙon? Ina maganar ɗaya sandar?”

Na ce Baba ɗan wasa ne, zai gane.

“Baban Amira, ni da nake gida ɗaya da kai ban gane ba.”

Duk da haka ta kira Iya.

Litinin, 17 ga Fabrairu

Direban motar Kano ya kira ni in zo tasha in karɓi saƙo. Dogon kwali. Tun kafin in buɗe jikina ya ba ni.

Sabuwar P, da ledarta. Irin ta farko, babu bambancin ko ɗigo.

Iya ta ce da Baba ya ji, cewa ya yi lalle sandar ce ta lanƙwashe, yaron nan kunya ta hana shi faɗa. Kwana biyu yana kiran mutane har Legas kafin a samo wadda ta dace da saitin. Ya ce a gaya mini kada in ƙara ɓoye masa irin wannan.

Yagana ta yi dariya har ta dafa bango. Da ta dubi fuskata sai ta daina.

Laraba, 19 ga Fabrairu

Na gwada sabuwar, don kada in zalunce ta. Shida cikin ashirin. Tasi'u ya ce in sake aika saƙo, idan ta uku ta iso mu buɗe shago a bakin kasuwa.

Ban yi dariya ba. Dattijo ya yi kwana biyu yana wahala saboda jimlar da na tace har ba ta faɗi komai ba.

Juma'a, 21 ga Fabrairu

Na sa ta Tasi'u a jaka. Na cire. Na sa. Dukansu uku suna mota.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Zan rubuta yadda ya faru, ba ƙari.

A wurin ajiye motoci na bar P biyun a but ɗin mota na rufe. Ba zan ce na yanke shawara ba. Hannuna ne ya riga ni.

Na durƙusa na gaida Baba. Ya jera jakunkunan, ya kira abokansa uku, ya ce su zo su ga saitin ɗansa. Yatsansa ya bi: huɗu, biyar, shida, bakwai, takwas, tara. Ya tsaya.

“Ina P?”

“Tana mota, Baba. Duka biyun.”

“Sabuwar ma ta sami matsala?”

Da na ce e, da an wuce wurin. Ya ma buɗe mini ƙofar da kansa, a gaban mutane. Ina durƙushe har lokacin, ina kallon takalminsa.

Na ce, “Babu wadda ta sami matsala, Baba. Ta farkon ma lafiyarta ƙalau. Ni ne ban yi bayani ba. Wannan ce nake iya tsayar da ƙwallo da ita kusa da rami.”

Ɗaya daga cikin dattawan ya ce, “Bunu, yau an yi maka juyin mulki a cikin gida.” Suka yi dariya. Baba bai yi ba. Ya zaro sandar, ya juya ta, ya shafa fuskarta da babban yatsa, ya mayar. Ya ce mu je.

Sau bakwai na yi amfani da ita. Biyar sun yi kyau. Ɗaya matsakaici. A rami na sha ɗaya na caki ƙasa, ƙwallon ta yi taku uku ta tsaya, Baba ya zo ya buga daga nan. A na sha shida ta sauka ta tsaya kamu ɗaya daga rami, ya tura ta ciki, bai waiwayo ba.

Mun zo na tara cikin ashirin da biyu. Da za mu rabu ya ce in gaida Yagana. Daga Kano har Haɗeja ban kunna rediyo ba.

Talata, 25 ga Fabrairu

Kwana uku shiru. Iya ta ce ko sau ɗaya bai ambaci gasar a gida ba. Yagana ta ce in tsara ban-haƙuri ta kai. Na ce ta bari.

Bayan azahar na kira shi da kaina. Na nemi gafara a kan wahalar da na sa shi ta neman sanda. A kan wejin ban nemi gafara ba.

Ya saurara har na gama. Sannan ya ce, “A rami na sha ɗaya ka ɗaga kai da wuri.”

Na ce haka ne, Baba. Sai na ji bakina ya ƙara da cewa ƙwallon ma a mugun wuri aka bar mini ita.

Ya yi wani sauti. Tari ne ko dariya, waya ba ta nuna ba. Ya ce bayan Sallah akwai wani wasan, za mu yi magana.

Ban mayar wa Tasi'u sandarsa ba tukuna. Mantuwa ce, ina jin.