Zare a Wuyan Fure

Baba,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya jiki? Allah ya ƙara sauƙi. Tunda likita ya hana ka waya, Mama za ta riƙa kawo maka takardata asibiti.

Lambunka yana lafiya. Furannin nan da kake kira 'yan yini sun hana ni barcin safe. Jiya na zauna a kujerarka ina kallon toho ɗaya. Sai da rana ta taɓa katanga ya fara sakin jiki, a hankali, har ya buɗe kamar tafin hannu, bakinsa ja, maƙogwaronsa kore. Kafin magariba ya yanƙwane, ya zama tsumma. Yau wani ya buɗe a kan karan, kamar ba a yi rashi ba. Shekara shida na yi a jami'a ina karatun tsirrai, har kake kira na Dakta, ina zana wannan a takarda, ban taɓa zama na gani ba.

Na kuma yi maka gyara. Duk matattun na tsinke su, har da masu zare a wuya.

'Yarka,
Dakta

Baba,

Ina gaisuwa, da fatan ka tashi lafiya. Mama ta ɓoye maka takardar farko, ta ce mai digiri ta yi bayani da kanta.

Ashe zaren nan shaidar aure ce. Garin furen rawaya ka shafa wa ja kana neman sabon launi, ka ɗaura zare, kuma a gindin mataccen fure kwanson iri yake fitowa. Na san wannan, har jarrabawa na ci a kansa. Goma sha ɗaya na zuba a kwandon shara.

Toho ɗaya ya rage a jikin jan, gobe zai buɗe. Idan na kuskure sai baɗi, kuma ba na son irin shirun da likitanka yake yi in an ambaci baɗi.

Ka yafe mini.

'Yarka

Baba,

Gaisuwa da fatan alheri. Na riga ƙudan zuma isa. Na ɗebo garin rawayan, na taɓa shi a kan dogon tsinken da ke tsakiyar jan furen. Mama tana tsaye a kaina, wai ita ce waliyyiya. Zaren ma daga bakin gyalenta ta zaro.

Yau kwana biyar. Furen ya faɗi da kansa, wallahi ban taɓa shi ba. A gurbinsa akwai wani ɗan abu kore, bai kai ƙwayar wake ba. In ya nuna aka shuka, sai shekara biyu ko uku ya yi fure, kuma babu littafin da ya san launin da zai fito. Kai kaɗai za ka duba ka ce ko shi kake nema.

Don haka ka sha maganinka. Nas ta ce a ƙarƙashin matashi kake tara shi.

Wannan takardar da kaina zan kawo. Bari in ja ƙofar lambu, motar da za ta kawo ni ta iso.

'Yarka mai ƙaunarka,
Dakta