Ba Zan Rantse A Kan Zaren Salma Ba

Gwaggo Ladidi, don Allah ki agaje ni da shawara. Saura kwana goma sha biyu Babbar Sallah, kuma na ɗaura niyyar abin da na san yana iya kashe mini aure. Na canza sunaye, amma duk wanda ke unguwarmu a Dogon Dutsi zai gane ni. Ya gane ɗin, ban damu ba.

Ni haifaffiyar Lugu ce, kuma na san abin da mutane ke tunawa in an ce Lugu. Shekara ashirin da ɗaya ke nan ina auren Malam Zakari mai shagon kayan moto, wato babur. Mutum ne mai riƙo da sunna, bai taɓa barina da yunwa ba, wannan kam in na ɓoye Allah ya gani. Tun da na shigo gidan salla ba ta wuce ni, hijabina har ƙasa, islamiyyar matan aure na yi ta har na sauke. Amma ga danginsa har gobe ɗiyar ƴan bori ce ni. Yaro ya yi zazzaɓi a dube ni, in ƙona turare a kalli juna. Duk na haɗiye.

Ƴaƴanmu biyu sunka rayu. Luƙman ya ci bak bana, jarrabawar gama sakandare, bayan Sallah zai tafi jami'a Yamai. Sai ƙanwarsa Salma mai shekara sha ɗaya, wadda tun da anka fara zancen tafiyar ta koma binsa ɗaki ɗaki.

Ni da Salma muna kallon wani fim ɗin Indiya mai dogon zango a tele, irin waɗanda ake juyawa da Hausa. Labarin wani babban gida ne, kullum suna cikin biki, yau a kunna fitilu, gobe a watsa wa juna garin launi. Ni abin da ke riƙe ni shi ne yadda maigidan ke zama ƙasa da ɗiyarsa yana tambayarta labarin lakwal, wato makarantar boko. Malam bai taɓa hanawa ba. Yakan ma tsaya bakin ƙofa ya ce shirme ne, amma ba ya gusawa sai an gama.

To ran nan sunka nuna wani bikinsu, inda ƙanwa ke ɗaura wa wanta zare a wuyan hannu, ta sa masa alewa a baki, shi kuma ya yi alkawarin ba zai yasar da ita ba. Salma ta tasa ni gaba sai ta yi wa Luƙman. Gwaggo, ni na ba ta zaren, jan zaren da nake saƙa hular jarirai. Na fim ɗin yana da wani ado mai walƙiya a tsakiya, ita ba ta da shi, sai ta ɓalle farin wuri guda daga jikin ƙwaryar ado da mahaifiyata ta ba ta. Ta ɗora alewa a faranti, ta kunna fitilar waya a madadin tasu ta mai, tana juya farantin a fuskarsa. Munka yi ta dariya har da hawaye. Luƙman ya bar zaren a hannunsa don kada ta yi kuka.

Ranar Juma'a ya naɗe hannun riga zai yi alwala a masallaci, sai ƙanen babansa, Sharif, ya gani. Jan zare da farin wuri, a hannun jikan mutanen Lugu! Maimakon ya ja yaron gefe ya tambaye shi, sai ya ɗaga hannun sama yana nuna wa jama'a. Kafin la'asar zance ya gama kasuwa, wai na ɗaura wa ɗana doguwa, aljanar borin gidanmu, ta raka shi Yamai. Ni da ko ganin wasan bori rabona da shi tun ina budurwa!

Malam ya shigo bai tambayi kowa ba, ya sa almakashi ya datse zaren a gaban Salma, ya kwashe tele ya kai shago. Na yi masa bayani, Luƙman ya yi, bai saurara ba. Hukuncinsa shi ne in dafa Alƙur'ani a gaban ƴan uwansa maza da mata in rantse ba asiri na yi ba. In ban rantse ba, ƙafar ƴaƴansa ba ta sake taka Lugu.

Wallahi ba zan rantse ba. Gaskiyata gare ni, ba tsoro nake ji ba. Amma shekara ashirin da ɗaya ina kai goshina ƙasa a gidan nan, in wannan bai ishe su shaida ba, mi rantsuwar minti ɗaya za ta ƙara? Yau zare, gobe wani ya yi tari su sake jero mini tabarma.

Abin da ke ci mini rai shi ne Inna. Ta haura tamanin, idanu sun tafi, da hannu take shafa fuskar jikokinta ta gane su. Ba zan yi miki ƙarya ba, tana nan kan abin da ta tarar da iyayenta, ba ta salla. Amma ko saiwa ba ta taɓa jiƙa wa ƴaƴana ba. Sau ɗaya take ganinsu a shekara, washegarin layya, in an sauke naman ragon daga itacen gashi mun kai mata cinya. Bana ƙafafunta sun kumbura, ban sani ba ko za ta ga ta baɗi.

Don haka na gama magana da masu moto biyu. Washegarin Sallah, Malam yana fita rabon nama, zan ɗauki ƴaƴana mu tafi Lugu, in mun dawo ya yi abin da zai yi. Ban rubuto don ki ce in yi haƙuri ba, na yi shi har ya gaji da ni. Ki dai faɗa mini, ina laifina?

Ɗiyar Lugu, daga Dogon Dutsi.

Amsa

Ƙanwata, kin tambayi laifinki, zan faɗa miki, amma bari in fara da inda kike da gaskiya. Kada ki rantse a gaban taro. Salma tana kallo, kuma abin da za ta koya shi ne asalin uwarta laifi ne da ake wankewa a bainar jama'a. Sharif kuwa ya yi ɓarna. Mai gyara ba ya ɗaga hannun yaro a masallaci.

Yanzu naki. Wannan ɗaurin zare a wurin masu shi ba wasa ba ne kawai, yana haɗe da ibadarsu. Ke babba ce, kuma kin fi kowa sanin abin da jan zare da wuri ke nufi a ƙasar Arewa. Da kin ce wa Luƙman ya kwance kafin ya fita, da duk ba a kai nan ba. Mijinki kuma a gaban abokan sahunsa aka kunyata shi, ya shigo gida da zafin. Bai kyauta ba da ya ƙi saurare, amma tsoron shirka da ke ransa na gaske ne. Ki same shi ku biyu, ki amsa wannan gangancin da bakinki. Amsa kuskure daban, rantsuwa a gaban dangi daban.

Maganar masu moto, ki soke ta. Ranar da kika fita da yara a ɓoye, kin ba Sharif shaidar da ya rasa, kuma Salma za ta tashi da tunanin zarenta ne ya raba iyayenta. Na tabbata tun yanzu tana zargin kanta. Ki zaunar da ita yau ki ce mata son ɗan uwa ba laifi ba ne, hanyar ce ba tamu ba. Ta saƙa masa hula ya tafi da ita.

Kwana goma sha biyu sun isa aiki. Ki nemi malamin da mijinki ke ɗaukar karatu wurinsa, ba danginsa ba, ki kai masa labarin yadda kika kawo mini. Ki tambaye shi hukuncin raba jikoki da kakarsu, ko da ba ta salla. Amsar ba ɓoyayya ba ce, malaman da kansu suke wa'azin zumunci. Luƙman ma ya girma, ya durƙusa ya roƙi babansa izinin yi wa kakarsa sallama. In Malam yana tsoron abin da za a ba su a can, mazaunin motonsa na ɗaukar mutum biyu, ya kai su da kansa ya gani da idonsa.

In duk an yi ya kafe a kan yaran, kada ki ja da shi ranar Sallah. Amma ki faɗa masa da rana tsaka, a gaban malamin nan, cewa ke za ki je, domin ita ta haife ki kuma ba ta da lafiya. Ki ɗauki cinyar ki tafi, ki kwana kusa da ita, ki kira yaran a waya ki kara mata a kunne. Ba daidai yake da ta shafa fuskarsu ba, na sani, kuma zai yi miki ciwo. Sai dai ki bar ƙofar gidanki a buɗe yadda gobe za ki iya sake roƙo.

Allah ya ba Inna sauƙi, ya sassauta zuciyar Malam, ya sa ku huɗu za ku yi mata barka da Sallah.

Gwaggo Ladidi