Haƙorana suna jirana a Katsina, na kasa zuwa

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin, don Allah a ɓoye sunana. Na daɗe ina rubuta wannan ina gogewa, ina ganin kamar za a ce babban mutum ya rasa abin tambaya sai maganar baki. Yau dai na daure. Don Allah ku ba ni shawara.

Ni mai faci ne a Magama, kusa da inda manyan motoci suke layi kafin su tsallaka Nijar. Bara ina cire tayar wata babbar mota, ƙarfen ya kuɓuce ya doke ni a baki, haƙoran gaba na sama duk suka tafi. Ciwon ya warke, amma ni ban koma yadda nake ba. Da can ni nake kiran salla a ɗan masallacinmu na bakin tasha, yanzu in na buɗe baki iska ke fita, sai na bar wa wani. Ciyayyar da muke yi a ƙofar gidan Malam Idi, maƙwabcina, ita ma na daina zuwa, don ba na son a ga yadda nake fama da loma. Matata ta rasu, 'ya'yan sun yi aure, a ɗaki nake jiƙa burodi a shayi in ci ni kaɗai. Malam Idi ya yi min faɗa sosai, wai na mai da su baƙi, na ba shi haƙuri amma ban koma ba.

Shi ne ya matsa har na je wajen likitar haƙori a Katsina. Mace ce, Kirista, mai kirki ƙwarai, Baba take ce min. Ta kwaɓa wani abu mai laushi kamar ƙullu, ta zuba a ɗan faranti ta danna min a baki har ya kama, ta cire. Daga baya aka kwaɓa wani farin gari aka zuba a ciki, da ya bushe sai ga bakina sak, har giɓin. Ta ce a kan wannan siffar za a gina min sababbin haƙora. Na dawo gida da murna.

Kuskurena da na ba da labari a tasha. Wani direba ɗan Maraɗi da muke wasa da shi ya ce, "Tsoho, ka san mi aka yi garin nan da shi? Ƙashi ne aka niƙa a Turai. Wa ya yanka dabbar? Ƙila ma wadda ba a faɗin sunanta ce, alade." Aka yi dariya. Na san wasa yake yi, ya ma ce min wasa ne da ya ga fuskata ta canza, amma maganar ta zauna min. Na yi ta kurkure baki, na sake sallolin da na yi ranar da aka sa min ƙullun, duk da haka zuciyata ba ta kwanta ba.

Na kira likitar na tambaye ta a kaikaice. Ta ce, "Baba, dutse ne aka niƙa, irin wanda ake yi wa silin ɗaki ado da shi, kuma shi ba zai shiga bakinka ba." Na yi godiya na kashe. Sai kuma na tuna ban tambayi ƙullun da ya riga ya shiga ba, da su haƙoran kansu. Kuma in an gina su a kan garin, ai sun taɓa shi. Ina jin nauyin sake kira, kada ta ɗauka don addininta nake zarginta, alhali ba ta yi min komai ba sai alheri. Limaminmu kuma ya ce shi bai san kayan asibiti ba, in nemo abin da aka yi su da shi tukuna.

Yanzu an aiko cewa haƙoran sun kammala. Na shiga motar Katsina, kafin mu kai Daddara na ce a sauke ni. Ba wanda ya sani. Malam Idi yana ta gaya wa mutane cewa bana tare za mu ci naman layya, har ya ce wurina a tabarma yana nan ba wanda ya zauna.

Don Allah in akwai likitan haƙori a nan, ko mai aikin haɗa su, ya faɗa min gaskiya: ƙullun nan da farin garin da haƙoran, da me ake yin su? Akwai ƙashi ko wani abu na dabba a ciki? Malamai kuma, ana cire su ne wajen alwala da wanka? In na mutu da su a baki fa, wa zai san ya cire, tunda ni kaɗai nake kwana? Ku taimaka min kafin Salla, na gaji da cin abinci ina kallon bango.