Kofin Matar Tela

Litinin, 3 ga Maris

Rediyo ba shi da zance sai cutar nan. Zazzaɓi, amai, zubar jini, sai kabari. Wai ta gumi da yawu take bi. A bakin famfo mata sun tsaya nesa-nesa kamar masu gaba.

Auta ta dawo daga asibiti ta wuce ni a tsakar gida ko gaisuwa babu, sai da ta yi wanka ta canja kaya. Na ce aikin jinyar ne ya koya miki ƙyamar uwarki? Ta ce, "Umma, ba ƙyama ba ce." To mece ce? Ni ban haifi mai gudun mutane ba.

Alhamis, 6 ga Maris

Matar tela kwana uku a kwance, ba wanda ya leƙa ta. Maƙwabtan zamani ke nan. Ni na shiga. Na share mata gumi da gefen mayafina. Ta sha ruwa a kofi ta rage, ta ce, "Yaya, kar ki sha." Na shanye a gabanta, don ta san ba kowa ne ya lalace ba.

Da na dawo, Ƙawata, 'yar Auta mai shekara uku, ta haye cinyata tana tsotsar gefen mayafin kamar yadda ta saba.

Asabar, 8 ga Maris

Mota ta zo da mutane cikin fararen kaya har fuska. Sun ɗauke matar tela. Cutar ce.

Lahadi, 9 ga Maris

Ta rasu. Ko gawar ba a bayar ba.

Ma'aikatan lafiya sun bi gida-gida suna tambayar wa ya taɓa ta. Na ce daga bakin ƙofa na gaishe ta. Ni da nake murɗe kunnen yara a kan ƙarya. Tun safe nake taɓa goshina.

Litinin, 10 ga Maris

Auta ta ga ina ture yarinyar duk lokacin da ta matso. Ta ce, "Umma, me ta yi miki?" Sai na faɗa. Kofin, mayafin, duka.

Ba ta yi faɗa ba. Da ma ta yi. Ta zauna a ƙasa ta daɗe tana kallon 'yarta, sannan ta ɗauki waya ta kira ma'aikatan. Suka ce a killace mu kwana ashirin da ɗaya daga ranar kofin. Ni a ɗakina, Ƙawata a nasu, awon zafin jiki safe da yamma. Mayafin an ƙone shi.

Juma'a, 14 ga Maris

Abinci a bakin ƙofa ake ajiye min, kwanona daban. Ƙawata ta turo yatsa ta ƙarƙashin ƙofa ta ce, "Kaka, rashin ji kika yi aka kulle ki?" Na ce janye hannunki, sarkin surutu.

Talata, 18 ga Maris

Jikin Ƙawata ya yi zafi. Ma'aikatan sun zo sun ɗebi jininta. Ina jin kukanta ta bango, ba damar in ɗauke ta. Ya Allah, ni na sha kofin. Ita ba ta san komai ba.

Laraba, 19 ga Maris

Shiru, ba sakamako. Ban iya cin komai ba.

Alhamis, 20 ga Maris

Zazzaɓin sauro ne. Auta ta faɗa min ta taga. Na zauna a inda nake.

Juma'a, 28 ga Maris

Jiya kwanakin suka cika. An buɗe ni.

Har yanzu ina nan a kan bakana, barin maƙwabci shi kaɗai a kwance ba hali ba ne. Yau na kai wa tela abinci. A bakin ƙofa na ajiye, na tsaya muka gaisa daga nan.

Auta ta koma aiki. Da yamma na tara mata ruwa a bokiti, da sabulu, kusa da ƙofar shigowa. Don dai hanya akwai datti ne. Da ta yi sallama Ƙawata ta zabura za ta rungume ta, na riƙo rigarta na ce, "Tsaya, uwarki ta yi wanka tukuna."

Auta ta dube ni. Na ce me kike kallo, ruwan zai huce.